Fanka Mai Ruwa Da Ɗakin Kwamfuta: A Tambayi Randa Tukuna

Muna yi muku barka da shigowar bazara, ko da yake mun san 'yan'uwanmu na Garwa da Marwa da Kuseri ba za su amsa wannan gaisuwa da fara'a ba, domin a wajensu watan Maris da na Afrilu watanni ne na kwana a tsakar gida da neman gindin darbejiya tun hantsi. Allah ya ba mu ikon jurewa.

A wannan wata filin namu zai tsaya ne a kan wani abu da ya sami wani ɗanmu a Duwala, wanda ya ba mu izinin mu ba da labarinsa muddin ba mu ambaci sunansa ba. Mun ga ya dace mu kawo shi nan saboda yaranmu da yawa yanzu da kwamfuta suke neman abinci, daga masu buga wa mutane takardu zuwa masu haɗa hotuna da bidiyon biki, kuma kusan kowa a cikinsu yana fama da irin wannan matsala.

Shi wannan yaro ya buɗe shago ne a unguwar Hausawa ta New Bell. Yana buga takardu, yana yin fotokwafi, yana cika wa 'yan makaranta fom ɗin jarrabawa. Ɗakin bai wuce mita 3 tsawo da mita 3 faɗi ba, rufin kwano ne babu silin, ƙofa ɗaya da 'yar taga guda. A ciki ya jera kwamfuta uku da firinta da na'urar fotokwafi. Da ƙarfe 11 na safe ta yi sai ɗakin ya zama kamar gidan burodi, masu jiran aiki su gwammace su tsaya a waje, har ta kai ga ɗaya daga cikin kwamfutocin ta riƙa mutuwa da kanta a tsakiyar aiki. Wata rana ta mutu da takardar wani malami mai shafi 40 wadda ba a adana ba, aka yi ta ba da haƙuri.

Da ya kwashi adashensa sai ya nufi kasuwa. A can wani mai shago ya nuna masa wata na'ura doguwa mai tayoyi, ya ce masa ai wannan iyakwandishan ce ta tafi-da-gidanka, ba ta bukatar a fasa bango, ba ta cin wuta, ruwa kawai za ka zuba mata, in ka sami ƙanƙara ka ƙara. Yaron ya tuna cewa kawunsa a Garwa yana da irinta, kuma kullum cikin yabonta yake. Bai yi wata-wata ba ya biya. Ya kawo ta shago, ya cika ta da ruwa, ya rufe ƙofa da taga kamar yadda ya ga ana yi a banki, ya kunna. Minti goma na farko ya ji daɗi. Bayan awa guda gumi ya ƙi bushewa a jikin kowa, riguna suka manne, takardu suka yi laushi suka fara maƙalewa a cikin na'urar fotokwafi, ɗakin kuma ya fi da nauyi. Tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Sai ya kira mu a waya yana cewa, "Baba, an cuce ni, jabu aka sayar mini." Muka tambaye shi ko na'urar tana da wani tiyo mai kauri a bayanta wanda ake fitarwa ta taga. Ya ce babu. Muka ce masa, "To, ɗana, kayanka ba jabu ba ne. Sunan da aka kira ta da shi ne ba nata ba, kuma garin da ka kai ta ba garinta ba ne."

Kafin mu zo ga na'urar, bari mu fara da ita kwamfutar, don a nan ne mutane da yawa suke kuskuren lissafi. Duk wutar lantarkin da kwamfuta ta ja daga bango, a ƙarshe zafi take komawa, kuma a cikin ɗakin da take zafin yake zama. Babu wani kaso da yake ɓacewa a cikin rubutu ko hoto. Kwamfutar tebur ta aikin ofis tare da allonta takan ja wat 100 zuwa 150 in tana aiki. Manyan nan da samari ke haɗa bidiyo ko wasanni da su sukan kai wat 400 ko 500 in aiki ya yi nauyi. Ita kuwa ƙarama ta tafi-da-gidanka da wuya ta wuce wat 60. Mutum ma da yake zaune bai yi komai ba, jikinsa yana fitar da zafi kimanin wat 100.

To, a yi lissafin shagon ɗanmu. Kwamfuta uku, a ce wat 400. Mutum huɗu, shi da yaronsa da masu jira biyu, wat 400. Firinta da na'urar fotokwafi, waɗanda da zafi suke manna baƙin garin tawada a jikin takarda, su ma suna da nasu kason. An haura wat 1,000 ke nan. Dutsen guga na lantarki wajen wat 1,000 yake ja. Wato kamar a jona dutsen guga ne a tsakar ɗaki, a hana shi hutawa daga safe har yamma, sa'an nan a rufe ƙofa.

Akwai masu cewa a ƙara wa kwamfutar fanka a cikinta sai ɗaki ya yi sanyi. Wannan yana taimakon kwamfutar, amma ɗakin bai ƙaru da komai ba. Aikin 'yan fankokin da ke cikin akwatin shi ne su kwaso zafi daga kan sassan na'urar su watso maka shi. In sun ƙware ma, sai dai zafin ya iso ka da wuri.

Yanzu sai fanka mai ruwa, don wannan ne sunanta na gaskiya. In ka buɗe bayanta za ka ga tankin ruwa a ƙasa, da ɗan famfo mai ɗaga ruwan sama, da wata raga mai kama da saƙar zuma wadda ruwan ke jiƙawa, sai fanka mai jan iska ta cikin ragar. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Babu gas, babu injin matsawa irin na firji. In busasshiyar iska ta ratsa jiƙaƙƙiyar raga, sai wani ɓangare na ruwan ya tashi ya bi iska, kuma ruwa ba ya tashi sai ya ci zafi. Lita ɗaya ta ruwa in ta tashi gaba ɗaya tana tafiya da zafin da kwamfuta mai wat 300 za ta fitar cikin awa biyu da 'yan mintoci. Ba ƙaramin aiki ba ne, in dai ruwan ya sami damar tashi.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Ita ce hikimar randa da tulu. Ƙasar da aka gina randa da ita tana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta ɗauke shi, abin da ya rage a ciki ya yi sanyi. Shi ya sa tsofaffinmu ke ajiye randa a inuwa inda iska ke wucewa, ba a ƙuryar ɗaki ba. Da wannan dabara ce wani malami a jihar Jigawa ta Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A Sudan ma, duk wanda ya taɓa zama a Khartum ya ga irin waɗannan akwatunan ruwa a jikin tagogi da saman gidaje, domin iskar can busasshiya ce.

To, duk wanda ya taɓa kai randa Duwala ya san abin da ya biyo baya. Ruwan ba ya yin sanyi irin na gida, jikin randar sai ya yi ta naso, wani lokaci har gansakuka ta fito mata. Wanki ma a can yakan kwana a igiya bai bushe ba. Dalili shi ne iskar Duwala ta riga ta ƙoshi da ruwa. Garin yana bakin teku, ana samun ruwan sama kusan milimita 3,600 a shekara, alhali na Marwa bai kai 1,000 ba, kuma danshin iska a mafi yawan watanni yana sama da kashi 80 cikin 100. Wanda ya ƙoshi ko ka tura masa tuwo ba zai ci ba.

Ga yadda abin yake a ma'auni. A Marwa, a ranar da zafi ya kai digiri 40 kuma danshin iska yana kashi 15 cikin 100, iyakar sanyin da tashin ruwa zai iya kai iska shi ne wajen digiri 21. Babu fankar da ke kaiwa wannan iyaka, balle 'yan ƙananan nan masu tayoyi, amma ko ta tsaya a digiri 29 ko 30, wanda ya fito daga 40 zai ce an yi masa rahama. A Duwala kuwa, in zafi yana digiri 31 kuma danshi yana kashi 80, iyakar ita ce wajen digiri 28. A aikace digiri ɗaya ko biyu za ka samu, kuma kuɗin da ka biya shi ne ƙarin danshi a ɗakin da dama danshi ne ya dame shi. Kawun yaron bai yi ƙarya ba da yake yabonta. A Garwa yake zaune.

Sai kuma kuskure na biyu, wato rufe ƙofa da taga. Wannan ko a Marwa aka yi shi ba za a ji daɗi ba. Iska tana da iyakar ruwan da za ta iya ɗauka. A digiri 30, iskar da ke cikin ɗaki irin na ɗanmu, in tsayinsa ma mita 3 ne, ba za ta riƙe fiye da kimanin giram 820 na ruwa ba, wato ko lita ɗaya ba ta cika ba. In kuwa ta riga ta ɗauki kashi 80 na wannan, abin da ya rage mata bai kai cikin kofi ɗaya ba. Da fankar ta zuba wa iskar wannan ɗan abin, shi ke nan aiki ya tsaya: ruwa ba ya tashi, sanyi ba ya fitowa, kwamfutoci suna ci gaba da nasu, ita kanta fankar motarta tana ƙara wat 60 zuwa 100 a kai. Abin da ya fi muni shi ne jikin mutum ma da tashin gumi yake samun sanyi. In iska ta cika, gumi ba shi da inda za shi. Shi ya sa yaron ya ji ɗakin ya fi da tsanani ko da ma'aunin zafi bai hau sosai ba.

Don haka fanka mai ruwa a bakin taga ko ƙofa ake ajiye ta, bayanta yana kallon waje don ta jawo sabuwar iska, sa'an nan a bar wata kafa a ɗaya gefen ɗakin inda iskar da ta ɗauki zafi da danshi za ta fita. Ita ba ta kashe zafi a cikin rufaffen ɗaki, kora shi take yi, kuma wanda ake kora dole a bar masa hanya.

Maganar ƙanƙara kuwa, wadda masu shago suke son ambata, ba ta da wani nauyi. Kilo ɗaya na ƙanƙara in ya narke yana shanye zafin da kwamfuta mai wat 300 ke fitarwa cikin minti 20 ne kacal. Kana bukatar fiye da kilo 3 a kowace awa don kwamfuta guda, shagon ɗanmu kuma sai an ninka wannan sau uku. In ko firjin da ke yin ƙanƙarar a cikin ɗakin yake, to an yi ba a yi ba, domin zafin da ya cire daga ruwan ta bayansa yake sako shi, har da ƙari.

Akwai wata na'urar mai tayoyi da ta yi kama da wannan a ido, kuma a nan ne ake rikita mai saye. Ita ce iyakwandishan ta gaskiya, wadda a nan Kamaru muka fi sani da kilim. Za ka gane ta da nauyi, da ƙugin inji irin na firji, da kuma tiyon nan mai kauri da muka tambayi yaron. Ita ɗaukar zafi take yi daga ɗaki ta tura shi waje ta cikin tiyon, kuma tana tatse ruwa daga iska, shi ya sa take da wurin zubar da ruwa. A gari mai danshi wannan tatsar ita ce rabin amfaninta. Asali ma don haka aka ƙirƙiro ta. A shekarar 1902 wani injiniya Ba'amurke, Willis Carrier, ya tsara ta farko don wata maɗaba'a a Brooklyn ta birnin New York, inda danshin bazara ke sa takarda ta kumbura ta motsa har launuka su kasa haɗuwa daidai. Wato ciwon da ya kama takardun ɗanmu a New Bell shi ne ya haifi iyakwandishan tun farko.

Amma kada mai karatu ya ruga kasuwa tukuna. In ba a fitar da tiyon waje an toshe gefensa da kyau ba, wannan na'ura hura ɗaki za ta yi, don zafin da ta kwasa da na wutar da ta ci duk a ciki za su tsaya. Masu tiyo ɗaya kuma suna da wani aibi: iskar da suke turawa waje daga cikin ɗakin suke ɗibarta, sai iska mai zafi ta riƙa shigowa ta ƙarƙashin ƙofa don cike gurbin. Wadda ake kafawa a bango, mai inji a waje, ta fi ta aiki da wuta daidai wa daida. Sa'an nan ga batun mita. Ƙaramar iyakwandishan mai tayoyi tana jan kimanin wat 1,000. In ta yi awa 8 a rana, kwana 26 a wata, mita za ta ƙirga sama da kilowat-awa 200 a kanta ita kaɗai. Fanka mai ruwa mai wat 80 a daidai wannan lokaci ba za ta kai 20 ba. Mai shagon da ribarsa ke fitowa daga fotokwafi shafi-shafi sai ya zauna da biro ya ga ko cinikin zai ɗauka. Haka nan in an ɗauke wuta, ƙaramin janareta ko batirin hasken rana na gida zai iya juya fanka mai ruwa, amma da wuya ya tayar da injin iyakwandishan.

Da muka je shagon da kanmu, abin da ya fara jan hankalinmu ba kwamfutocin ba ne. Mun ɗaga hannu sama kusa da kwanon sai muka ji kamar an buɗe murfin tukunya. Da tsakar rana, in sama ta washe, hasken rana yana sauke kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Rufin wannan ɗaki murabba'in mita 9 ne. Ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ne ya ratso ciki, ya ninka abin da kwamfutocin uku ke fitarwa. Yaron yana ta zargin na'urorinsa, alhali babban mai laifin yana bisa kansa. Wannan mun ga ya zama ruwan dare a shagunan 'yan'uwa: a kashe kuɗi mai yawa a kan na'ura, a bar kwano tsirara.

Abin da muka ba shi shawara, kuma ya yi, bai kai kuɗin fankar da ya saya ba. An sa silin na falanki, an bar 'yar kafa tsakaninsa da kwano ta gaba da baya don iska ta riƙa wucewa. An fasa bango can sama a bayan teburin kwamfutoci an sa fanka mai zuƙe iska, irin ta ɗakin girki, domin iska mai zafi sama take tashi, gara a kama ta tun ba ta zagaye ɗakin ba. An bar ƙofa a buɗe da labule mai raga. An janye akwatunan kwamfuta daga jikin bango kamar taƙi guda, an ɗaga su daga ƙasa, an buɗe su an hure ƙurar da ta toshe musu hanci. Ita wadda ke mutuwa da kanta, da aka buɗe ta sai aka tarar ƙura ta yi mata kamar bargo a kan ƙarfen da ke shanye zafi. Kwamfuta tana da mai gadi a cikinta: in zuciyarta ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu, in abin ya ƙi sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ba lalacewa ta yi ba, numfashi ta rasa.

Mun kuma ce masa ya daina barin kwamfuta uku a kunne alhali ɗaya ce ke aiki, ya riƙa kashe na'urar fotokwafi in babu layi, batir da na'urar daidaita wuta kuma a matsar da su kusa da ƙofa, don su ma suna ɗumi. Sai fankar sama ta yau da kullum don mutane. Ɗakin bai zama banki ba, kada mu yi muku ƙarya. Amma ya dawo daidai da inuwar waje, masu jira suna zama a ciki, takarda ta daina maƙalewa, kwamfutar nan kuma ba ta sake mutuwa ba.

A nan ya kamata mu bambanta bukatar mutum da ta na'ura. Kwamfuta ba ta neman sanyin da kai kake nema. Yawancin kamfanonin da ke ƙera ta suna rubuta cewa a yi aiki da ita a wurin da bai wuce digiri 35 ba. A Duwala da Yawunde zafi ba kasafai yake kaiwa nan ba, balle Ngaundere da ke kan tudu, don haka a waɗannan garuruwa in ka fitar da iskar ɗaki waje ka shigo da ta waje, ka gama da na'ura, saura kai. A Garwa da Marwa ne gizo ke saƙa, domin a bazara iskar wajen kanta ta haura digiri 40, ko ka buɗe duk tagogin duniya ba za ka sauko ƙasa da haka ba. A can fanka mai ruwa ba kayan alatu ba ce, tana iya zama abin da zai tsawaita ran kwamfutarka.

Ga 'yan'uwanmu na arewa da za su saya, ko suka riga suka saya, akwai abubuwan kiyayewa. Kada a saita bakinta kai tsaye a kan kwamfuta ko firinta ko ƙunshin takardu. Iskar da ke fitowa tana da laima, wasu ma suna feso 'yan ɗigo, kuma laima da ƙurar hunturu in suka haɗu a cikin na'ura sai su zama taɓo, daga nan sai tsatsa. A bar ta ta hura mutane da tsakar ɗaki, iskar ta wuce ta kan na'urori a hanyarta ta fita. A ɗauke soket da wayoyin wuta daga ƙasa inda ake zuba ruwa. A riƙa zubar da ruwan tanki ana wankewa, kada a bar shi ya kwana biyu yana wari, don ruwan da ya zauna gidan sauro ne, mu kuwa zazzaɓin da muke da shi ya ishe mu. Ruwan rijiya ko na burtsatse yakan bar wani farin gishiri a jikin ragar har ta toshe, sai an riƙa cire ta ana wankewa. Sa'an nan a sani cewa aikinta na watanni ne. Daga Fabrairu zuwa Mayu tana biyan kuɗinta. Da damina ta kankama a Yuli da Agusta, iskar Garwa ma takan yi nauyi, sai a kashe famfon a bar ta a matsayin fanka kurum.

Ga wanda yake wani gari da ba mu ambata ba, kuma yake shakka, ba sai ya sayi ma'aunin danshi ba, ko da yake ba shi da tsada. Ya jiƙa hankici ya matse, ya rataye shi a inuwa a lokacin da zafi ya fi damunsa. In ya bushe ƙarau kafin a gama shan shayi zagaye biyu, kuma da ka taɓa shi yana rataye ka ji sanyi, to fanka mai ruwa za ta yi masa aiki. In har an jima yana nan da laimarsa, ya riƙe kuɗinsa. Ko kuma ya tambayi uwar gida yadda ruwan randa yake a wannan wata, ita ta fi kowane mai shago sanin amsar. In kuma mai shago ya ce maka iyakwandishan ce, ka ce ya juya maka bayanta ka ga tiyo.

Ita kuwa fankar ɗanmu, mai shagon ya ƙi karɓarta, ya ce kayan da aka zuba wa ruwa ba ya dawowa. Sai yaron ya tsiyaye ta, ya bar ragar ta bushe a bakin fanka kwana biyu, ya mayar da ita kwalinta, aka sa ta a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can mota ta ƙarasa da ita Garwa wurin ƙanwarsa mai ɗinki. Ta aiko cewa tun da ta iso, ita ce ke hura mata shago daga azahar zuwa la'asar.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun batir da na'urar daidaita wuta, domin wasiƙu uku muka samu a kansa. Masu tambaya a kan na yau su rubuto ta ofishin jarida kamar yadda aka saba, su faɗi garin da suke da girman ɗakin da irin rufinsa. Mu kwana nan.